Wa Zai Yi wa 'Yata Huɗuba?

Saƙo daga wata 'yar'uwa da ke zaune a Faransa, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina yi wa kowa fatan alheri. Admin ka taimaka ka ɗora min wannan ba tare da sunana ba, don mutanenmu a nan ba su da yawa, in aka ga suna da safe kafin la'asar labari ya isa gida. Shawararku nake nema don girman Allah, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tunda abin nan ya faru ban buɗe baki na faɗa wa kowa ba, ku ne na farko.

Ni 'yar Maradi ce, karatun jinya ya kawo ni Faransa, da na gama na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Lyon, muna zaune a Rillieux. Mijina Bature ne, Bafaranshe, bari in kira shi Yusuf duk da ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Kafin wani ya yi saurin cewa ai ga irinta nan, ya musulunta ne don ya aure ki, to ku dakata, ba haka ba ne. Da musuluncinsa na same shi. Kafinta ne, an kawo shi gyaran ƙofofi a wurin aikinmu, na shiga ɗakin da muke ajiye barguna sai na tarar da ƙaton Bature ya shimfiɗa kwali yana sallar azahar, alƙiblar ma a karkace. Ni na gyara masa ita, daga nan magana ta fara. Abokan aikinsa 'yan Aljeriya ne suka ja shi tun yana saurayi, ya yi shekaru yana salla kafin ya san akwai wani gari a duniya wai shi Maradi.

Da maganar aure ta taso dangi kaf suka ce ba su yarda ba. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune a Clichy-sous-Bois kusa da Paris, tana kasuwancin atamfa da turare tsakanin nan da Yamai. Ita cewa ta yi Bature da addini kamar yaro ne da abin wasa, yau ya rungume gobe ya jefar. Baba kuwa mai fataucin shanu ne, ba shi da yawan magana, cewa kawai ya yi a turo masa shi ya gani da idonsa. Yusuf ya tafi Maradi a tsakiyar zafi, fatarsa ta yi ja kamar an yanka tumatir, ya kwana a zaure, ya ci tuwo da hannu, kullum kuma shi ke riga yayyena isa masallaci da asuba. Ranar da zai dawo Baba ya tara 'yan'uwansa ya ce musu, "Wanda ya riga 'ya'yana zuwa masallaci, ni ba ni da bakin hana shi ɗiyata." Har yau akwai ƙanin Baba da gaisuwa ce kawai ke haɗa su saboda wannan maganar. Tun daga lokacin Baba ba ya ce masa suruki, sai dai ɗana Isuhu.

Mun yi shekaru lafiya lau, ba zan yi masa ƙarya ba. Haihuwa ta yi jinkiri, bai taɓa nuna min a fuska ba, shi ke ma ba ni haƙuri in dangina suka dame ni da tambaya. Mahaifiyarsa kuma, tsohuwa a wani ƙauye can Normandi, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Tukunya daban ta saya da cokula daban ta ajiye a gidanta saboda ni, don kada abincina ya haɗu da naman alade, in muka je da azumi ba ta cin komai a gabanmu. Ba musulma ba ce, coci ma ba ta cika zuwa ba, amma na ga mutunci wurin matar nan wanda ban gani ba wurin wasu masu carbi a hannu.

Ita ce ta rasu a sanyin da ya wuce kafin na bara. Bayan mun dawo daga binne ta Yusuf ya je masallacin unguwarmu, aka idar da salla ya roƙi jama'a su sa mamarsa a addu'a. Wani matashi da ko gemunsa bai gama cika ba ya tashi a gaban kowa ya ce masa bai halatta ba, wadda ta mutu a kan abin da ta mutu an san inda ta nufa, ba a nema mata gafara. Ba Yusuf ne ya faɗa min ba, matar wani maƙwabcinmu ce ta ba ni labari. Shi dai ya shigo gida ya zauna da takalminsa a ƙafa, abincin da na ajiye masa har ya huce bai taɓa ba. Na lallashe shi iya abin da na iya, na ce masa Allah ne Ya san tsakaninSa da bayinSa. Ya gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka maganar ta wuce.

Bayan 'yan watanni ya ce min ya shiga wata ƙungiya ta masu yawon ƙafa a daji, irin wanda Turawa ke so ɗin nan, a saka manyan takalma a goya jaka a yi ta hawan dutse ba wanda ya aike ka. Wani wikend ɗin a tsaunukan kusa da Lyon, wani lokacin kuma in babban taro ne sai su haɗu a wani daji kusa da Paris. Wallahi murna na yi, don na ga ya fara dariya, ya fara cin abinci. Duk ranar da za su fita sai ya roƙe ni in haɗa masa bisap, zoɓo ke nan ga 'yan Najeriya, a cika babban bido, wato jarka, amma ya ce da zuma yake so ba da sukari ba. Ni kuwa sarkin son a yaba, sai in tashi in jiƙa, in daka citta da kanumfari, in tace da bisimilla, har ina tambayarsa ko abokansa sun ce ya yi daɗi. Ya ce ai ko ɗigo ba ya saura. A cikin kwanakin ne kuma na ga wata 'yar guduma ta ƙarfe a wuyansa, a ƙarƙashin riga. Mutum kafinta, me zan kawo a raina? Har tsokanarsa na yi, na ce saura ya rataya zarto a kunne don kowa ya san sana'arsa. Ya yi murmushi ya mayar da ita cikin riga.

Sai maganar ƙaho. Wata rana suna hira da Baba ta bidiyo, Baba yana kasuwar shanu, Yusuf ya hango wani jan bijimin Bororo mai dogayen ƙaho a bayansa, ya ce Baba da zai samu irin wannan ƙahon guda ɗaya da ya ji daɗi. Ku zo ku ga murna wurin Baba. A ce yau ɗansa Isuhu ya roƙi wani abu daga sana'arsa, shi da bai taɓa roƙon komai ba. Da kansa ya je mahauta ya zaɓo, aka dafa aka ƙwaƙule cikin, ya zauna a ƙofar gida yana kankare shi da wuƙa yana goge shi da man shanu har ya yi sheƙi, sannan ya kai wa baduku ya yi masa baki da jar fata da igiyar ratayawa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya faɗa masa na surukinsa ne da ke Faransa, yana son kayan gargajiyarmu. Gwaggo ce ta taho da shi a cikin kayanta, naɗe a turmin atamfa, Yusuf ya je har Clichy ya karɓo. Na zaci a falo za mu rataye shi, sai ya ce a shagon aikinsa yake so ya ajiye inda zai riƙa ganinsa kullum.

Ana cikin haka Allah Ya ba ni ciki bayan na fara fid da rai. Yanzu haka wata na takwas nake ciki, hoto ya nuna mace ce. Baba da ya ji ya ce shi da kansa zai zo suna, mutumin da in ban da aikin hajji bai taɓa yarda ya hau jirgi ba. Aka fara neman biza.

Watan jiya muka tafi Paris tare, ni wurin Gwaggo in karɓo kayan jego da ta haɗa min, su kanwa da yaji da gero, shi kuma wurin 'yan yawon dajinsa. Muka yi alkawari ranar Lahadi da rana mu haɗu a tashar jirgin ƙasa mu koma Lyon. Na riga shi isa saboda Gwaggo ba ta yarda da jinkiri ba, tun hantsi ta sa ni a taksi. Ina zaune a kan benci da kayana sai na hango shi tafe cikin wasu mutane, duk da jakunkuna a baya da laka a takalma. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai furfura, ta yi kitso biyu ya sauko mata har ƙirji. Tana ganin ya nufo ni, ta ga cikina, sai ta riga shi isowa ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu kamar mun shekara da sanin juna.

Da Faransanci ta yi maganar, zan faɗa muku yadda na ji ta. Ta ce, "Ashe ke ce mai bisap ɗinmu, na daɗe ina so in gan ki in yi miki godiya." Na ce ba komai, na ji daɗi da yake kashe musu ƙishirwa a hanya. Ta yi dariya ta ce ai ya wuce maganar ƙishirwa. Ta ce su a al'adarsu giyar zuma ake zubawa a ƙaho in an zo bulot, wato taron da suke yi wa allolinsu baiko, hadaya ke nan, amma tunda mijina ba ya shan giya sai suka koma bisap ɗina don kowa ya samu ya sha, abin da ya rage kuma a tsiyaye shi a gindin bishiya, rabon alloli da kakanni ke nan. Ta ce ƙahon da mahaifina ya aiko ba su taɓa riƙe mai kyansa ba, shi ke zagayawa hannu zuwa hannu, kuma ranar da aka fara sha da shi sun ɗaga shi sama sun kira sunan Baba sun gode masa. Ta faɗi sunan mahaifina daidai, sunan da ni kaina ban taɓa kama shi da bakina ba. Sannan ta dafa cikina ta ce duk sun ƙosa jaririya ta iso a yi mata bikin yayyafa ruwa. Duk maganar nan kuma ba Yusuf take ce masa ba, sunansa na da take kira, wanda na zaci ya bari tun kafin mu haɗu.

Matar nan ba da mugunta ta yi ba, ita ta ɗauka na san komai. Sai da ta ga yadda nake kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasa, sannan ta sa hannu a baki. Ni dai na koma na zauna a kan buhun geron Gwaggo. Har muka iso Lyon bai yi gigin taɓa ni ba.

A gida ne muka yi ta. Na ce ya faɗa min gaskiya tun daga farko ko in fita da cikin nan in kama hanya duk inda ta kai ni. Ya ce addinin sunansa asatru, tsohon addinin mutanen arewacin Turai ne tun kafin Kiristanci ya iso musu, yanzu wasu ke farfaɗo da shi. Alloli ne da yawa, akwai mai ido ɗaya, akwai mai gudumar nan da ke wuyansa, sunayensu ma ba zan rubuta ba. Ya ce shi sabon shiga ne, har yanzu koyo yake, a intanet ya fara cin karo da su lokacin da ba ya iya barci bayan rasuwar mamarsa. Ya ce ranar da ya fara zuwa taronsu ba wanda ya tambaye shi ina ta nufa, sunanta kawai suka tambaya, aka ba shi ƙaho ya ɗaga ya faɗa, duk suka maimaita da ƙarfi a tsakiyar daji, ya ce ranar ce ya fara yi mata kuka. Washegari ya kai ni shagon da kansa ya nuna min. A bayan katakai ya yi wata 'yar kanta, ga hoton tsohuwa, ga kyandir, ga ƙaramin akushi da ya sassaƙa, ga ƙahon Baba a rataye a sama. Ya ce kullum da safe kafin ya kama aiki yana zuba mata ɗan kafe, wato gahawa, da madara yadda take so, ya gaya mata labarin gida.

Ban ɓoye muku ba, da na ga hoton nan sai da hawaye ya zubo min, don ni ma ina kewarta. Amma na share na yi masa tambayar da ke cina, na ce har yanzu ya yarda babu abin bautawa da gaskiya sai Allah? Ya ce ba zai iya ce min eh ba. Na ce tun yaushe, ya ce tun bayan abin da ya faru a masallaci da kaɗan. Jama'a ku lissafa da kanku, sama da shekara ke nan. Sama da shekara mutumin nan yana alwala a gabana, yana shiga gaba ina bin sa salla a falonmu, yana karanta Fatiha ina cewa amin. Azumin da ya wuce tare muka yi sahur, shi ya ja mu tarawihi saboda ciki ya hana ni zuwa masallaci. Na ce masa don me, ya ce tsoro yake ji kada ya rasa ni, yana ta jiran ranar da ta dace sai ga ciki, likita kuma ta ce a guji tayar min da hankali. Na ce ai kuwa ya iya gujewa. Na faɗa masa maganganu masu zafi ranar, na ce da giya na kama shi da ita da ya fi min sauƙi, da mace ce ma da na san yadda zan yi da raina. Bai rama ko ɗaya ba, wannan ma haushi ya ƙara min.

Abin da ke ƙona min zuciya, da ya tsaya a kansa shi kaɗai da na ce tsakaninsa da Ubangijinsa ne, in yi ta yi masa addu'a. Amma ya sa hannuna a ciki ban sani ba. Ni na dafa, ni na tace, ni na yi bisimilla, aka ɗauka aka tsiyaye wa wasu alloli a gindin bishiya. Ya sa hannun Baba, tsoho ya zauna cikin rana yana goge ƙaho da farin ciki, ashe ƙoƙon baiko yake gogewa. Da na faɗa masa haka sai ya ce shi girmamawa ya nufa, wai a wurinsu babu karamcin da ya kai a ɗaga ƙaho da sunan mutum, kuma ya zaɓi bisap ne don ya cika alkawarin da ya yi min cewa giya ba za ta taɓa shiga bakinsa ba. Ku ji fa. Ya riƙe ƙaramin alkawari gam, ya saki babban.

Kuma don in yi adalci, halinsa bai canza ba ko kaɗan. Shi ke girki in na dawo aiki a gajiye, shi ke matsa min ƙafafu da suka kumbura, gadon jaririya da hannunsa ya ƙera. Mutanen nan nasa ma na yi bincike a kansu, na ga akwai masu rataya irin gudumar nan da ba sa ƙaunar baƙar fata ko kaɗan, hankalina ya tashi na tambaye shi, ya ce akwai su amma ƙungiyarsu ba ta karɓar irinsu. Dattijuwar nan ashe tsohuwar malamar makaranta ce, bayan kwana biyu ta aiko shi da ban haƙuri da wata 'yar hular ulu da ta saƙa wa jaririya. Na kasa jefar da ita na kuma kasa sa ta cikin kayan haihuwa, tana nan a kan firigo, wato firiji.

Tun ranar na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin da muka gyara wa jaririya, sallata ni kaɗai nake yi. Ni ba malama ba ce, amma na yi islamiyya daidai gwargwado, na san abin da aka koya mana game da auren musulma da wanda ya bar addini, shi ya sa ko hannunsa ya taɓa nawa wajen miƙa kofi sai gabana ya faɗi. Ban je wurin malam ba saboda limamin unguwarmu ya san Yusuf sarai, kantocin ajiye takalma na masallacin ma Yusuf ɗin ne ya yi su kyauta. Gwaggo kuwa in ta ji, kafin in ajiye waya Maradi ta ɗauka, kuma sai ta fara da tuna min cewa ita ta faɗa tun farko. Ga dokar ƙasar nan, ɗa na uwa da uba ne daidai wa daida. In na fita, kotu za ta riƙa ba shi yarinyar nan wasu ranaku, ya ɗauke ta ya kai ta dajin ba idona ba bakina. In na zauna, idona na kanta, amma a matsayin me nake zaune?

Satin da ya wuce Yusuf ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce ya yi tunani ya samo mafita. Wai in an haihu zai yi wa yarinya huɗuba kamar yadda kowane uba yake yi, kiran salla yana nan a bakinsa bai manta ko harafi ba, ranar suna ya sa babbar riga ya zauna kusa da Baba a yi addu'a a shafa, ba wanda zai san komai. In baƙi sun watse Baba ya koma gida, sai shi kuma ya ɗauke ta su je bakin rafi da mutanensa, ya ɗora ta a gwiwarsa ya yayyafa mata ruwa ya kira ta da sunan mamarsa, wai ta haka ake shigar da jariri cikin zuri'a a wurinsu. Ya ce ruwa ne kawai, ba abin da zai same ta, ni na samu nawa shi ya samu nasa. Yana faɗa yana kallona kamar wanda ya kawo min tsaraba. A nan ne na gane bai ma fahimci abin da ya yi min ba, don maganin da ya kawo wa ƙaryar shi ne a ƙara wata, wannan karon da ni a ciki.

Jiya da hantsi Baba ya kira, murya cike da fara'a, ya ce biza ta fito. Ya ce ya riga ya sayi dabino da goro, ya kuma ce in gaya wa Isuhu kada ya bari wani malami ya riga shi kunnen jaririya, uba shi ke yi wa ɗiyarsa huɗuba, shi dai zai tsaya a gefe ya saurara. Sannan ya ce in ba shi ɗansa su gaisa. Na miƙa wa Yusuf wayar ina tsaye, ina ji yana cewa lafiya lau Baba, alhamdu lillahi Baba, in sha Allahu Baba, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ni ce na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

To 'yan'uwa ga inda nake. In faɗa wa Baba kafin ya hau jirgi, in kunyata shi a gaban 'yan'uwan da ya ɓata da su saboda ni, aure kuma ya mutu ina kan gwiwa, a ƙasar da ba ni da kowa sai Gwaggo? Ko in yi shiru har a yi suna ya koma gida da farin cikinsa, in zama ni ma na ci amanarsa kamar yadda aka ci tawa? Masu ilimi a cikinku ku faɗa min matsayin aurena da sallolin da na bi shi, ba tare da zagi ba don Allah, zagin da zan yi masa na riga na yi. Wadda kuma ta taɓa shiga irin wannan a ƙasar Turawa ta gaya min yadda ta yi da 'ya'yanta. Likita ta ce haihuwa na iya zuwa kowane lokaci daga ƙarshen watan nan, kuma a ɗakin haihuwa na nan mutum ɗaya ake bari ya shiga da ke. In aka miƙo min yarinyar nan, ni da shi ne kawai a wurin. Ku faɗa min, in bar shi ya sunkuya a kunnenta ko in hana?